Kafin A Kai Asibiti: Abin Da Ya Sa Ake Koya Wa Ɗaliban Jinya Farfaɗo Da Zuciya Da Numfashi



'Yar uwa, duk ranar da kika zo awo ko aka kwantar da ke a ɗakin haihuwa, za ki ga 'yan mata da samari cikin kayan aiki suna biye da manyan ma'aikata, wannan na auna jini, waccan na rubutu a kati. Ɗalibai ne masu koyon aikin jinya da ungozoma. Mata da yawa kan tambaya, wasu a fili wasu a zuci: waɗannan yaran, in abu ya taso na gaggawa, sun san abin yi kuwa? Tambaya ce mai kyau, kuma haƙƙinki ne ki ji amsarta. Har ila yau akwai iyaye a Wudil, Garko, Gaya da Sumaila da 'ya'yansu suka gama sakandare suna son shiga makarantar nas, sun ji ana cewa wai sai an kawo takardar shaidar CPR, suna neman ƙarin bayani. Amsar tambayoyin nan biyu tushenta ɗaya ne: idan zuciya ko numfashi ya tsaya, wanda ke kusa a wannan lokaci shi ne zai yi ceto, ko ɗaliba ce, ko maigida, ko suruka.

Mene ne CPR?

Harufan nan uku taƙaita sunan Turanci ne. Abin da ake nufi shi ne dannar ƙirji da hura numfashi ga mutumin da zuciyarsa ta tsaya, ko numfashinsa ya ɗauke. Zuciya famfo ce, ita ke tura jini mai ɗauke da iskar oksijin zuwa ko'ina a jiki. Idan ta tsaya, ƙwaƙwalwa ce ke fara jin jiki. Cikin minti 4 zuwa 6 ba tare da jini ba za ta fara lalacewa, idan kuma aka haura minti 10 da wuya a same ta yadda take. Mai dannar ƙirji yana yi wa zuciya aikinta ne da hannunsa, yana tura jinin zuwa ƙwaƙwalwa, har kafin ma'aikata su iso da magunguna da na'urar girgiza zuciya da lantarki.

Wannan dabara ba ta daɗe sosai a duniya ba. A shekarar 1960 ne wasu masu bincike uku a Asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, wato William Kouwenhoven da James Jude da Guy Knickerbocker, suka buga sakamakon aikinsu da ya nuna za a iya sa jini ya zagaya ta hanyar danna ƙirji daga waje. Kafin nan sai likita ya tsaga ƙirjin ya matsa zuciyar da hannu, abin da ba ya yiwuwa sai a ɗakin tiyata. Daga nan aikin ya zama wanda kowa zai iya koya, domin ba ya bukatar komai sai hannu biyu da sani.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa: ba duk wanda aka danna wa ƙirji ne ke tashi ba. Rai a hannun Allah yake. Amma an tabbatar cewa wanda aka fara yi wa nan take ya fi samun damar rayuwa sau biyu ko uku a kan wanda aka tsaya ana kallo ana jiran mota.

Lissafin hanya

Daga Wudil zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne a kan babban titin Maiduguri. Ko hanya a buɗe take, kafin a nemo direba, a ɗauki marar lafiya, a isa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, an ci wajen awa guda. Ranar Juma'a kuwa, ranar kasuwar Wudil, kowa ya san yadda motocin shanu ke cika hanya. Ko Babban Asibitin Wudil da ke cikin gari, wanda ya taso daga ƙauye a kan babur ko a daidaita sahu ba zai isa cikin minti 5 ba. To ki gwada wannan da minti 4 zuwa 6 da ƙwaƙwalwa ke iya jurewa. Wannan ne ya sa muke cewa asibiti na ƙarasa aiki ne, amma farkonsa yana wurin da mutum ya faɗi.

A cikin asibiti ma haka abin yake. Da tsakar dare likita na iya kasancewa a tiyata ko a wani ɗakin. Wadda ke tsaye a bakin gado nas ce ko ungozoma, wani lokaci kuma ɗalibar da aka tura auna zafin jiki ita ce za ta fara lura cewa majiyyaciya ta daina numfashi. Idan ta iya, za ta ƙwala kira ta hau dannawa. Idan ba ta iya ba, za ta ruga neman wani, mintunan nan masu tsada su wuce.

Shin sharaɗi ne kafin shiga makaranta?

A Amurka, makarantun jinya da yawa ba sa barin ɗalibi ya shiga ɗakin majiyyata sai ya nuna katin shaidar cewa ya koyi wannan aiki, wasu ma tun wajen neman gurbin karatu suke tambaya. Katin da aka fi karɓa shi ne na Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka, wanda ake kira BLS, kuma shekara 2 yake yi ya ƙare, sai an sake zama an sake gwaji. Daga can ne wannan magana ta samo asali.

A Nijeriya tsarin ya bambanta. Hukumar da ke da alhakin makarantun nan ita ce Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa da Doka mai lamba 89 ta shekarar 1979. Abin da ake nema wajen shiga shi ne kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare, a darussan Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis, a zama ɗaya ko biyu. Ga masu neman digiri a jami'a, kamar Jami'ar Bayero, da kwalejojin da suka koma tsarin difloma ta ƙasa, sai an haɗa da jarrabawar JAMB. Takardar CPR ba ta cikin waɗannan sharuɗɗa. A nan, cikin makarantar ake koyar da aikin, a darasin taimakon gaggawa da kuma ɗakin gwaji, inda ɗalibai ke danna ƙirjin 'yar tsana mai girman mutum a gaban malami. Wadda ta gama kuma sai ta ci jarrabawar Majalisar, ta rubutu da ta aiki da hannu, kafin a ba ta lasisi, sa'an nan lasisin ba a sabunta shi sai da shaidar ƙaro ilimi.

Saboda haka iyaye a kula. Jihar Kano na da makarantun gwamnati irin su makarantar jinya ta Kano da ta Madobi da makarantar ungozoma ta Dambatta, ga kuma ta Asibitin Malam Aminu Kano. Kowace na fitar da sanarwar abin da take bukata idan lokacin sayar da fom ya yi. A je a karanta da ido, a kuma tabbatar Majalisar ta amince da makarantar kafin a biya ko sisi. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo wa yarinya satifiket ɗin CPR ba tare da ta zauna an koya mata ba, a guje shi. Takardar da hannu bai san aikinta ba, ranar bukata ba abin da za ta tsinana.

Amma fa koyo tun kafin shiga makaranta abu ne mai amfani ƙwarai. Ƙungiyar agaji ta Red Cross na ba da horon taimakon gaggawa, manyan asibitoci ma kan shirya nasu lokaci lokaci. Alamar horo na gari ita ce a sa ki ki durƙusa ki danna 'yar tsana da hannunki har ki yi gumi, malami na gyara miki. Wanda aka yi a waya kawai bai wadatar ba.

Me ya sa ake maimaita horon?

Dalili biyu ne. Na farko, hannu na mantuwa. Bincike ya sha nuna cewa ƙwarewar mutum kan fara raguwa cikin watanni kaɗan in ba ya yi. Na biyu, ilimin kansa na canjawa. Kafin shekarar 2010 ana koyar da a fara da hura numfashi, daga 2010 aka koma fara dannar ƙirji ga babban mutum. Shekaru da yawa ana koyar da danna ƙirjin jariri da yatsu biyu, amma a ƙa'idojin da ƙungiyar nan ta Amurka ta fitar a 2025 an bar wannan, aka koma manyan yatsu biyu tare da kewaye ƙirjin da hannuwa, ko kuma gindin tafin hannu ɗaya. Ma'aikacin da ya tsaya a kan abin da ya koya shekara 15 da suka wuce an bar shi a baya.

Abin da ake koya wa ɗaliba, kuma ya kamata ku sani

Idan babban mutum ya yanke jiki ya faɗi:

1. A duba wurin tukuna. In wayar lantarki ce ta kama shi, a kashe wuta kafin a taɓa shi.
2. A bubbuga kafaɗarsa a kira sunansa da ƙarfi.
3. A kalli ƙirjinsa, kada a wuce daƙiƙa 10. In ba ya numfashi, ko kakari kawai yake yi jefi-jefi, a ɗauka zuciya ta tsaya. Kakari ba numfashi ba ne.
4. A nuna mutum ɗaya a kira sunansa a ce ya nemo mota ko ma'aikacin lafiya, ko ya kira lambar gaggawa 112. In aka ce "wani ya je", ba mai zuwa.
5. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri. In a kan katifa yake, a sauko da shi ƙasa.
6. A ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, a ɗora ɗaya hannun a kai, a miƙe gwiwar hannu, a danna da nauyin jiki. Zurfin santimita 5 zuwa 6, wato kamar tsawon kwalin ashana. Saurin kuma sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, kusan sau biyu ke nan a kowace daƙiƙa. A bar ƙirjin ya taso bayan kowace dannawa.
7. Wanda aka horar zai danna sau 30 ya hura numfashi sau 2, ya maimaita. Wanda ba a horar ba, ko yake jin nauyin sa baki a bakin wani, ya ci gaba da dannawa kawai ba tsayawa. Wannan ma yana ceto.
8. Aikin na gajiyarwa, don haka a riƙa karɓar juna duk bayan minti 2.

Wani lokaci haƙarƙari kan tsage. Kada wannan ya sa a daina, ƙashi na warkewa. Ga mutanen bakin Kogin Wudil kuwa, masunta da masu ɗibar yashi da yara masu wanka, akwai bambanci guda: wanda aka tsamo daga ruwa rashin iska ne ya tsayar masa da zuciya, don haka hura numfashi dole ne a gare shi, da shi ake farawa. Kada a ɓata lokaci ana matsa masa ciki wai don ruwa ya fito.

Idan mai juna biyu ce ta faɗi

Maigida, wannan sashe naka ne. Ana danna ƙirjin mai ciki daidai yadda ake yi wa kowa, a wuri ɗaya, da ƙarfi ɗaya. Kada tsoron abin da ke cikinta ya sa ka sassauta, domin jinin da kake turawa shi ne ke isa gare shi. Ƙarin da ake yi shi ne, in cikin ya kai cibiya ko ya wuce, wato daga wajen wata biyar, sai mutum na biyu ya sa hannu ya ture cikin zuwa ɓangarenta na hagu ya riƙe. Dalili kuwa, idan mai ciki ta kwanta rigingine, nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. A asibiti, idan aka yi kamar minti 4 zuwa 5 zuciyar ba ta dawo ba, likitoci kan yi aiki nan take su ciro jaririn, domin sauke nauyin na taimaka wa uwar ta farfaɗo. In kun taɓa jin an yi haka, ba gaggawar banza ba ce.

Idan kuma ta suma ne amma tana numfashi, ba a danna mata ƙirji. A kwantar da ita a gefenta na hagu, a kai ta asibiti a haka.

Da wuya zuciyar mai ciki ta tsaya haka kawai ba gargaɗi. Yawanci akwai abin da ya gabata: zubar jini mai yawa, hawan jini da ke kaiwa ga jijjiga, zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa, ko raunin zuciya na ƙarshen ciki da lokacin jego, wanda bincike ya nuna Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jini, haki, kasa kwanciya sai an tara matasai: duk wadda ta ga ɗaya daga ciki ta taho a ranar, kada ta jira ranar awo. Rigakafi ya fi magani.

Jaririn da bai yi kuka ba

Nan ne ungozoma ta fi yawan amfani da wannan ilimi. Kimanin jariri ɗaya cikin goma kan bukaci taimako kafin ya fara numfashi, kuma ba a iya sanin wanne ne tun kafin ya faɗo. Uwa na iya yin awo lafiya, naƙuda ta zo da sauƙi, jariri ya fito shiru. Rashin numfashi lokacin haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe jarirai a watan farko.

Abin farin ciki shi ne yawancin irin waɗannan jarirai zuciyarsu na bugawa, iska kawai suke bukata. A shekarar 2010 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu abokan aiki, ta fito da wani horo mai suna Taimaka wa Jarirai Su Yi Numfashi, don ƙasashe irin namu. Jigonsa shi ne minti ɗaya na farko bayan haihuwa, wanda suka yi wa laƙabi da minti na zinariya. Cikin wannan minti ungozoma za ta goge jaririn sosai da tsumma mai tsafta, ta canja masa busasshe, ta murza masa baya, ta share masa baki da hanci in akwai abin da ya toshe. In har bai yi numfashi ba, kafin mintin ya cika ta fara hura masa iska da 'yar jakar roba da muke kira ambu. Da aka gwada horon a wasu asibitoci a Tanzaniya, sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100. Ba wata na'ura mai tsada aka kawo ba, hannun ungozomomi aka horar.

Wannan kaɗai ya isa hujjar haihuwa a asibiti. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ce kawai aka yi a asibiti a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa ba ta kai 20 cikin 100 ba. A ɗaki babu ambu, babu wadda aka horar, kuma jaririn da aka ɗauko daga gida a kan babur ya riga ya rasa mintinsa tun kafin a fita daga zaure.

Idan haihuwa ta zo ba shiri a gida ko a hanya, jariri bai yi kuka ba, a goge shi sosai, a murza masa baya, a lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi. In bai yi numfashi ba, a kwantar da shi rigingine, kansa a miƙe ba a lanƙwashe ba, a rufe bakinsa da hancinsa da baki, a hura iska kaɗan, iya ta kumatu, daidai yadda ƙirjinsa zai ɗaga. A ci gaba da yi ana tafiya asibiti.

Abubuwan da ba a yi

Ba a sheƙa wa jariri ruwan sanyi. Ba a riƙe shi ta ƙafa a juye kansa ƙasa, ba a jijjiga shi, ba a mari. Ba a buga masa kwano a kunne, ba a yi masa hayaƙi. Babba ko yaro, ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko magani, domin huhu zai tafi. Ba a cusa wa mai jijjiga cokali ko yatsa a baki. Iyayenmu da suka yi waɗannan da niyyar taimako suka yi, abin da suka gada ke nan. Amma yanzu an gano wasu na cutarwa, sauran kuma lokaci kawai suke ci.

Shirin da za ki yi tun yanzu

Ranar awo ta gaba, ki tambayi ungozomar inda za ki haihu: akwai ambu na jarirai a ɗakin haihuwa? Akwai ma'aikaciya da dare? Ma'aikaciyar kirki ba za ta ji haushi ba. Ki sa zannuwa biyu ko uku masu tsafta da 'yar hula a jakar haihuwa. Ku tsayar da direban da za a kira, a ajiye lambarsa a wayar maigida da ta wani a gidan, a kuma ware kuɗin mota. Ki roƙi a nuna miki yadda ake dannar ƙirji, ki zo da maigida ko wadda za ta zauna da ke lokacin jego su gani da idonsu, domin karanta wannan shafi bai kai sa hannu ba.

Ɗalibar nan da kika gani a bayan sista kuma, ki yi haƙuri da ita, ki ba ta dama ta koya a ƙarƙashin kulawar manyanta. Nan da shekara kaɗan ita ce za ta kasance ita kaɗai da dare a ƙaramin asibitin ƙauyenku. In kuma kina da 'ya ko ƙanwa mai sha'awar wannan aiki, ki ƙarfafa mata gwiwa ta dage da darussan kimiyya, garuruwanmu na bukatar irinta.

Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya abin da za a haifa.